Baƙin taro arba'in da gidan abincin mijin yayarka

Wani matashi daga Rijiyar Zaki ya aiko mini da doguwar wasiƙa, zan taƙaita ta. Yana da mota ƙirar Sienna da yake jigilar baƙi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa masaukinsu. Wasu masu shirya taron kwana uku a sabon mazaunin Jami'ar Bayero suka ɗauke shi aiki a kan naira 50,000 kullum, suka kuma ce ya rubuto musu wuraren da baƙi za su ci abincin dare da inda za su zauna shan gahawa, tunda na rana a wurin taro ake rabawa. Sai ya sa gidan abincin mijin yayarsa a saman takarda, bayan sun yi magana da baki cewa za a ba shi kashi 10 cikin 100 na kuɗin abincin da baƙin suka ci. Mutum kusan 40 suka je, dare biyu, kowa ya ci na wajen 6,000. Daren farko an yi jiran awa biyu, dare na biyu shinkafa ta ƙare, na'urar POS ta ƙi aiki. Yanzu mijin yaya ya ce mutum 12 kawai ya gani, masu taro kuma sun daina ɗaga waya. Tambayarsa biyu: yaya zai karɓi kuɗinsa ba tare da zumunci ya lalace ba, kuma ko ya sayar da motar ya buɗe gidan gahawa irin na Abuja domin baƙin taro?

To ƙanena, na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman wurin da ka ce ka taɓa zama a gidan abincin nan da ƙarfe takwas na dare, ka biya da kuɗinka, ka ci kamar baƙo. Ban gani ba. Abin da na gani shi ne shafi guda kana lissafin kamasho. Mu yi lissafin tare: mutum 40, dare biyu, 6,000 kowanne, ya kama 480,000. Kashi goma shi ne 48,000. A kan wannan kake ta ɓacin rai. Su kuwa mutanen da suka daina ɗaga wayarka, 150,000 suka ba ka a kwana uku, kuma irinsu ba taro ɗaya suke yi a shekara ba. Su ne za a tambaya gobe idan wata ƙungiya za ta yi nata taron a Gidan Mambayya ko a ɗaya daga otal-otal ɗin Nasarawa: wa kuka sani mai mota wanda ya san gari? Sunanka ya fita daga wannan amsar, kai kuma kana bin 48,000.

Ba jigila kaɗai suka saya a wurinka ba. Masu mota sun cika gari. Sun saya bakinka ne, wato in ka ce wuri kaza da kyau, a tafi ido rufe. Baƙon da ya sauka daga Legas ko Fatakwal bai san Kabuga ba balle Bompai, maganarka ce idonsa. Kai kuma ka ɗauki wannan amanar ka yi wa mijin yayarka kyauta da ita, ka yi cinikin biri a sama, don kawai ɗan gida ne. Abincin da ka ci a gidansa ranar suna ba shi ne abincin da kicin ɗinsa zai fitar ba idan mutum 40 suka shigo lokaci guda. Wurin da ya saba sallamar mutum goma-goma, tukunyarsa ta mutum goma ce, ma'aikatansa na mutum goma ne. Ko sanar da shi adadi da lokaci ba ka ce ka yi a rubuce ba.

Ni ma na taɓa taka wannan sawun, shi ya sa nake maka magana da zafi. Shekarun baya, lokacin baje kolin da ake yi a titin gidan Zoo, wasu abokan cinikina uku suka zo daga Damagaram. Na kai su wurin wani ɗan'uwana da ya buɗe gidan abinci bai fi wata biyu ba. Niyyata in taimake shi. Naman kwantai ne, na gane tun loma ta farko, amma kunya ta hana ni magana, su ma kunyata ta hana su ture kwano. Washegari ɗaya daga cikinsu bai iya fitowa daga masauki ba. Ba wanda ya ce mini uffan, ka san halinmu. Shekara ta zagayo suka zo Kano, a bakin wani na ji. Ɗan'uwan nawa kuwa har yau yana ganin ni ne ban ƙara kawo masa baƙi ba saboda baƙin ciki.

Abin da ke sa ciniki da dangi ya fi hatsari ba wai sun fi kowa rashin gaskiya ba ne. Kai ne ba za ka iya yi musu abin da kake yi wa bare ba. Bare za ka leƙa bayan gidansa, ka tambaye shi yaushe aka yanka naman, ka ce ya rubuta maka yarjejeniya. Mijin yayarka in ka ce ya rubuta, kafin ka isa gida labari ya riga ka wurin Hajiya cewa ka raina shi. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma ba ta ware suruki ba. In ka san ba za ka iya binciken wuri ba saboda nauyin mai shi, to wurin bai cancanci shiga takardarka ba.

Yanzu ga yadda ake wannan aikin in da gaske kake so ya zama sana'a. Ka fara da inda baƙi suke kwana, ba inda ake taro ba. Yawancinsu a Nasarawa da Bompai ake sauke su, kuma wanda ya yini a zaune ya sha cunkoson Kabuga da yamma ba zai so a sake tsallaka gari da shi don faranti ɗaya ba. Sannan baƙi ba iri ɗaya ba ne. Akwai mutumin kudu da kwana biyu ba sakwara da miyar agushi sai ya ji kamar bai ci komai ba, wannan Sabon Gari za ka nema masa wuri mai tsafta da wurin ajiye mota. Akwai Bature ko mai lallaɓa cikinsa, gidajen abincin Kwarori, wato 'yan Labanan, da suka daɗe a Kano sun fi masa sauƙi. Akwai kuma wanda ya zo da niyyar ya ɗanɗani Kano ɗin kanta, kuma a nan ne za ka fi kowa amfani, domin intanet ba za ta nuna masa mai gurasa bandashe na kirki ba, ko mai tsiren da ake layi a gabansa bayan Magariba, ko inda ake waina da miyar taushe da safe, ko ɗanwake mai zafi, ko furar da aka dama da ruwa mai kyau. Irin wannan baƙon kai za ka raka shi da ƙafarka. Ka kuma riƙe wani abu da mutanenmu ba sa kawowa a rai: yajin tsire da bandashe dukansu da ƙuli-ƙuli ake yin su, kuma akwai mutanen da gyaɗa kaɗan ke kai su asibiti. Ka tambaya kafin ka miƙa.

Kowane wuri ka je shi ba sanarwa, a lokacin da ya fi cika. Ka duba agogo daga zama zuwa saukar faranti. Ka shiga bayan gida. Ka ce a ba ka rasit, domin mahalarcin taro sau da yawa ofis ne zai mayar masa da kuɗinsa, wurin da ba ya ba da rasit mai suna da kwanan wata ya sa shi asara. Ka gwada POS da tiransifa, wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 ta koya wa matafiya daina yawo da tsaba. Ka rubuta ƙarfe nawa suke rufewa, da yadda suke yi ranar Juma'a tsakanin azahar da la'asar, da kuma watan azumi. Wuri shida da ka ci a cikinsu sun fi ashirin da ka ji labari. Wannan yawon zai ci maka wataƙila 40,000, kuma shi ne jarin sana'ar gaba ɗaya.

Kuɗin aikin kuma a wurin masu taro za ka nema, ka sa shi cikin farashinka a fili: jigila kaza, tsara wuraren cin abinci da kama musu tebur kaza. Wanda ya biya ka shi kake yi wa aiki. Ranar da kamasho ya fito daga aljihun mai gidan abinci, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, za ka tsinci kanka kana kare shinkafar da ta ƙare. In ma dole sai an yi kamashon, masu taro su sani, a rubuta ko a WhatsApp ne, kuma kowane baƙo ya tafi da ɗan kati mai lamba da za a ƙirga a gabanka a daren.

Batun sayar da mota kuwa, kallon kitse kake yi wa rogo. Ka ga mutum biyar sun tambaye ka gahawa a kwana uku, ka ɗauka kasuwa ce. Kano garin shayi ne, kowace kwana da mai shayinta da kwastomominsa na shekara da shekaru. Masu biyan dubbai a kan kofin gahawa suna nan, amma ba su da yawa, kuma otal-otal da 'yan wuraren da ke Nasarawa sun riga sun raba su. Baƙin taro kwana uku ne su watse, haya da albashi da man janareta kuwa ba sa tafiya hutu. Mu ƙaddara kana kashe 900,000 a wata, ribar kofi ɗaya 1,500. Sai ka sayar da kofi 600 kafin ka ga sisi, wato 20 kullum har da ranakun azumi. Injin gahawar daga waje ake kawo shi, da farashin dala, in ya lalace ka nemo mai gyara. Shoprite da duk ƙarfinsa ya rufe reshensa na Ado Bayero Mall a Janairun 2024. Kai da ba ka iya riƙe lissafin mutum 40 na dare biyu ba, za ka sayar da abin da ke ciyar da kai ka shiga sana'ar da ake ƙirga sukari da cokali? Bar motarka.

Saura kuɗinka. Kada ka sa yayarka a ciki, aurenta ya fi 48,000. Ka same shi shi kaɗai, sau ɗaya, ka ce Yaya ga abin da muka yi magana, ga adadin da na kai. Abin da ya ba ka ka karɓa, ko na mutum 12 ɗin ne, kada ka sake tayar da zancen. In ya tambaya me ya sa babu sunansa a takarda ta gaba, ka ce masu taro ne suka sa sharaɗin sai wurin da zai iya sallamar mutum 40 cikin rabin awa, ranar da ya shirya za ka zo ka gwada.

Tafiyar da ta fi wannan muhimmanci ita ce zuwa ofishin wanda ya ba ka aikin. Kada ka kira, tunda ba ya ɗagawa, ka je da ƙafarka. Ka faɗa masa gaskiya cewa wurin na mijin yayarka ne, ba ka gwada shi ba, laifin naka ne. Kada ka nemi aiki a ranar. Ka ajiye masa sabuwar takarda mai wuri shida, kowanne da farashi, da lokacin rufewa, da mintin da ka jira, da ranar da ka ci a can.