Tambaya da Amsa: Za mu iya kai ƙananan yara kallon wasan wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Yarana uku ne: babban shekararsa 7, mai bi masa 4, sai jaririya 'yar wata 8. Babansu ya yi musu alkawarin zai kai mu kallon wasan tartsatsin wuta a daren sabuwar shekara, tun ranar ba su da zance sai wannan. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. Ta tsakiyar tana da asma, ga shi ko a hawan Sallah in 'yan bindiga suka harba sai ta ƙanƙame ni tana kuka. Kakarsu ta ce a toshe musu kunne da auduga kawai a tafi. Mu je ko mu haƙura?

Wata uwa daga Hotoro, Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Manyan biyu za su iya zuwa, in dai za a tsaya nesa. Jaririyar kuwa a bar ta a gida wajen kakarta. 'Yar wata 8 ba ta san abin da ake kallo ba, ba kuma za ta tuna ba, amma kunnenta zai sha ƙarar fiye da na kowa, domin ramin kunnen jariri ƙarami ne, sauti ya fi ƙarfi a cikinsa. Ga dare ya raba, ga sanyin hunturu da kan sauka ƙasa da digiri 15 a Kano a ƙarshen Disamba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuma ba ta yarda da kowa sai ke, to ku zauna tare, maigida ya nemi ƙaninsa ko ƙanwarsa su raka shi, yadda kowane yaro zai samu babba guda mai riƙe da hannunsa.

Nisa nawa nake nufi? Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hirar da kike yi da maƙwabciyarki a tsakar gida ba ta wuce 60. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 1999, ta ce ƙarar da ke zuwa farat ɗaya, irin ta fashewa, kada ta wuce 140 ga babba, 120 ga yaro. Wasan wuta kuwa, ga wanda ke dab da shi, yakan kai 150, manyan ma har su kai 170. A can cikin kunne akwai wasu 'yan siraran gashi da ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana lalata su, kuma wanda ya lalace ba ya sake tsirowa. Fashewa guda a kusa da kunne ta isa ta fasa dodon kunne ko ta rage wa yaro ji har girmansa.

Sauƙin abin shi ne, duk lokacin da aka ninka tazara, ƙarar tana raguwa da desibel 6. Wato nokawut ɗin da ke ba da 150 a tazarar mita 1, sai mutum ya ja baya wajen mita 30 kafin ƙarar ta sauko 120. Manyan da ake cillawa sama kuwa suna buƙatar mita 300 zuwa sama. Ba sai kun tafi da tef ɗin awo ba. Haske yana isowa ido nan take, sauti kuma yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa guda. Saboda haka in wuta ta buɗe a sama, a fara ƙirga. In an samu cikakkiyar daƙiƙa ɗaya ko fiye kafin a ji "dum", kun tsaya inda ya dace. In haske da ƙara suka zo tare, ku ja baya. Ki ɗora wa ɗan shekara 7 ɗin wannan aikin, zai yi shi da zumuɗi. Sai dai wannan lissafin na buɗaɗɗen fili ne. A matsattsen lungu, irin na cikin birni ko na Sabon Gari, bango yana dawo da ƙara, nisan ba ya rage ta yadda ya kamata.

Maganar auduga, Allah ya saka wa kaka da alheri, amma kusan ba ta tare komai. Abin da ke aiki shi ne marufin kunne mai kofi biyu, irin wanda ma'aikatan filin jirgi ke sawa. Akwai na yara, kuma yana rage desibel 20 zuwa 30. Ƙananan na soso da ake cusawa cikin kunne ba na 'yar shekara 4 ba ne, tana iya zaro shi ta jefa a baki ya shaƙe ta. In ba a samu marufin ba, babanta ya ɗora ta a cinya ya dafe mata kunnuwa da tafukansa, a kuma ƙara nisa. Kallo daga cikin mota, gilashi a rufe, dabara ce mai kyau, domin tana rage ƙara da hayaƙi a lokaci ɗaya.

Tsoron da take ji ba shagwaɓa ba ne, kuma kada a bari yayanta ya riƙa yi mata dariya a kai. Ki nuna mata bidiyon wasan wuta a waya kwana biyu kafin ranar, da ƙarar a ƙasa, sannan a riƙa ɗagawa kaɗan kaɗan. A gaya mata gaskiya cewa zai yi ƙara, kuma duk lokacin da ta ce ta gaji za a tafi. In ta ce ɗin, a tafi da gaske, ko da minti 5 aka yi.

Asmar ita ce ta fi damuna a kanta. Hayaƙin wasan wuta hayaƙin albarushi ne, wato gawayi da farar wuta da gishirin da ke hura su, haɗe da garin ƙarafan da ke ba da launi. Shuɗin nan mai kyau, misali, daga jan ƙarfe yake fitowa. Ƙurar tana da laushi ƙwarai, tana shiga har can ƙasan huhu, sannan ta tarar da hazon hunturu da iska mai sanyi, waɗanda kowannensu shi kaɗai yana iya tayar da asma. Ku duba inda iska ke kaɗa hayaƙin ku tsaya ta ɗaya ɓangaren. Abin shaƙarta ya kasance a aljihun wanda ke riƙe da ita, kada a bar shi a mota. In kuma a makon tana tari da dare ko ƙirjinta yana fito, ta zauna gida, babu wata muhawara.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba, wanda shi ne ya fi kai yara asibiti. Wutar da ƙwararru ke cillawa sama ba kasafai take taɓa ɗan kallo ba. Wadda ke hannun yara da samari a bakin titi ita ce matsalar: nokawut, da 'yar roka da ake tsayarwa cikin kwalba, da sandan nan mai fesa tartsatsi. Iyaye sun fi sakin jiki da sandan saboda ba ya ƙara, alhali zafin bakinsa yana haura digiri 1000, sau goma na tafasasshen ruwa, kuma ko bayan ya mutu ƙarfen yana ƙona ƙafar da ta taka shi. Yaron da bai kai shekara 5 ba, ba a ba shi ko kaɗan. Ɗan shekara 7 ɗin ma, tunda an kai shi ya ga manya a sama, ni ban ga dalilin saya masa ba. Ki ja masa kunne a kan abu ɗaya: in ya ga nokawut a ƙasa wanda bai tashi ba, kada ya ɗauka, kada ya leƙa. Wanda ake zaton ya mutu ɗin nan shi ke tashi a tafin hannu ko a fuska. Dama rundunar 'yan sandan jihar takan fitar da sanarwar hana wasa da nokawut a lokutan bukukuwa, ya kamata maigida ya saurari abin da aka ce a bana kafin ku fita.

A sa musu kayan auduga masu kauri da takalmi sau-ciki. Yadin roba, irin na yawancin hijabai da rigunan ƙwallo, narkewa yake ya manne da fata. In tufa ta kama wuta, kada yaro ya gudu, a kwantar da shi a mirgina shi ko a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna kuwa maganinta na farko ruwa ne mai ɗan sanyi, a yi ta zubawa minti 20 cif, ko na buta ne, ko na jarka, ko fiya wata, yayin da sauran jikin yake rufe don kada sanyi ya kama shi. Ban da ƙanƙara. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, toka da baƙin mai, duk suna jawo ruɓewar ciwo, kuma sai mun kankare su kafin mu ga abin da za mu yi wa magani. Ƙunar da ta kai girman tafin hannun yaron, ko ta fuska, yatsu, gaɓoɓi ko al'aura, ta asibiti ce a daren, kamar Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Ido kuma dokarsa daban: kada a murza, kada a wanke, kada a yi ƙoƙarin ciro abin da ya shiga. A kifa ƙaramin kofi mai tsabta a kai ba tare da dannawa ba, a kama hanya.

Sai taron kansa. Kanawan da suka ga hare-haren bama-bamai na ranar 20 ga Janairun 2012 ba sa jin fashewa su tsaya tambayar mene ne, don haka ƙara ɗaya a tsakiyar cunkoso tana iya jawo guje-guje. Ku tsaya a gefe, kusa da mafita, ku rubuta lambar babansu a takarda ku sa a aljihun kowanne, ku tashi kafin a watse, tun ana samun abin hawa cikin sauƙi.

Washegari ki lura da su. In wani ya ce kunnensa yana ƙugi, ko yana jin magana kamar daga nesa, ko kika ga yana ƙara sautin talabijin, a huta masa da hayaniya na yini guda. In bai washe ba bayan awa 24, a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a auna jinsa. In kuwa akwai ciwo, jiri, jini ko ruwa na fita, kada a jira, kuma kada a ɗiga masa komai a kunnen kafin likita ya duba, ko da man zaitun ne.