Amsar tambayarka a kan kakan babanka

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗinsa ƙwarai. Ka ce a gida Garba ake ce wa kakan babanka, amma wata takardar zamanin Turawa ta kira shi Abubakar Tanko, shi ne kake tambaya ko mutum biyu ne, kuma don me ba mu da sunan dangi guda da ake gada.

Mutum ɗaya ne. Garba inkiyar Abubakar ce, kamar yadda ake ce wa Usman Shehu, Umaru Sanda, Yusufu Maitama. Tanko kuwa namiji ne da aka haifa bayan mata, ka ga ke nan yana da yayye mata, sai ka nemi zuriyarsu. Sunan yanka sau da yawa alkunya ce ke rufe shi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin na mijinta, yaron da ya ci sunan kakansa kuma sai ya zama Abba ko Baba har furfura. Mu da sunan uba ake sanin mutum, ko sana'a, ko gari. Makarantar boko ce ta yawaita liƙa wa yara sunan garinsu, irin su Aminu Kano da Shehu Shagari, don haka ba duk mai sunan gari ɗaya da kai ne jininka ba.

Takardu akwai su a gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, ita ma a Kaduna. Sai dai ka sani Bature da En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya ta lokacin, haraji da jangali ne suka dame su, mai gida suka sani, mata da yara ƙidaya ce kawai. Abin da na fi yarda da shi littafin kotun alƙali ne, musamman rabon gado, domin can dole a ambaci matan mamaci da 'ya'yansa. Galibi da Larabci yake, ka tafi da malami.

Takardar haihuwa kam ba a yi wa talaka ba a lokacin. In tsohuwa ta ce maka an haife shi shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, 1911 ke nan. In ta ce Kakalaba, yunwar 1914 take nufi.

Amma tun kafin ka hau motar Kaduna, je ka durƙusa gaban gwaggonninka da ɗan goro a hannu. Kada ka ce su faɗi sunan da suke jin nauyinsa. Tambaye su wa aka yi wa takwara, wace tsaga ce a fuskarsa, wane kirari maroƙa ke yi wa gidan. In kuma ka ci karo da maganar bauta, wadda ba a gama haramta ta a Arewa ba sai 1936, ko wani aure da aka binne zancensa, kada ka watsa a waya. Ka zo mini da shi tukuna, mu zauna da baffanninka.