Tambaya da Amsa: Motata tana kwantawa a kwana, in bari a rage mata tsawo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da mota ƙirar Peugeot 406 wadda na saya a hannu shekara shida da suka wuce, kuma da ita nake zirga-zirga tsakanin Zariya da Funtuwa. Kwanan nan idan na sha kwana sai ta riƙa kwantawa gefe ɗaya, idan na taka birki kuma gabanta ya nutse ƙasa. Wani bakanike ya ba ni shawarar a yanke sifirin a rage mata tsawo, a sa mata manyan rim masu inci 17, wai za ta fi kama titi. Shin in amince?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a ɗora zarto a kan sifirin ɗin nan. Motar 406, ko wadda ta fito daga Faransa ko wadda aka harhaɗa a Kaduna, an san ta da zama daram a kan titi tun tana sabuwa, saboda haka abin da kake ji yanzu alama ce ta cewa kayan ƙafarta sun gaji. Idan aka yanke sifirin, tazarar da taya ke da ita ta hawa da sauka za ta ragu, shokozoba ya riƙa dukan ƙarshensa a kowane rami, kuma ranar da ka ɗebo iyali da buhun masara a but, tudun rage gudu na farko zai iya fasa maka kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Manyan rim kuwa tayarsu siririya ce, ba ta da naman da zai shanye dukan rami, sai rim ɗin ya lanƙwashe.

Aikin sifirin shi ne ɗaukar nauyin mota, shokozoba kuma shi ke hana ta ci gaba da lilo bayan ta faɗa rami. Ka ajiye motar a wuri mai shimfiɗe, ka danna kusurwa ɗaya da dukan ƙarfinka sannan ka saki. Idan ta taso ta tsaya, da sauran rai. Idan ta yi ta rawa sau biyu ko uku, shokozoban ya mutu. Ka leƙa bayan tayar kuma, domin wanda ya zubar da mansa za ka gan shi jiƙe, ƙura ta manne masa kamar laka.

Sai dai inda aka fi yin sakaci shi ne bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa. Bayan 406 yana da hannuwa da yawa a kowane gefe, kowanne da robarsa, kuma zafin ƙasarmu da ƙura suna busar da su har su tsattsage. Idan suka saki, bayan motar sai ya riƙa bin tasa hanyar a kwana, mai motar ya sayi sabon shokozoba amma matsalar tana nan. Ka sa a ɗaga motar a jak, a zura ƙarfe a girgiza kowace mahaɗa kana tsaye kana gani, a duba boljoyin (mahaɗar da taya ke juyawa a kanta) da tairod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya) da 'yan sandunan sitabilaiza (ƙarfen da ke rage kwantawar mota a kwana) a lokaci guda. Sannan ka lura da wani abu da yawancin masu gyara ba sa yi: kusoshin bushin ba a ɗaure su tamau sai an sauke motar ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar tana murɗe tun ranar farko, ba za ta daɗe ba.

Wajen saye, a Panteka ne ko a Ƙofar Ruwa, ka nemi sabon shokozoba mai gas na kamfanonin da aka sani irin su KYB, Monroe ko Sachs, ka kuma yi hattara da jabu, domin kwali ba shi ne kaya ba. A canza su biyu-biyu, na gaba tare, na baya tare. Na 'yan Beljiyam sa'a ce kawai, tunda ba ka san tafiyar da ya yi kafin ya iso gare ka ba. Wanda ake hudawa a ɗura masa mai a toshe kuwa, ban ba ka shawararsa ba ko kyauta ne.

Ka tsaya a kan girman tayar da motar ta zo da shi, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Iska kuma a bi abin da aka rubuta a jikin ginshiƙin ƙofa, domin masu faci sukan cika taya fiye da kima, ta riƙa tsalle maimakon ta kama ƙasa. Bayan an gama komai a kai ta a yi mata alaimen da balansin kafin ka sake hawa hanyar Funtuwa.