Amsa: tablet ɗina ya ƙi gama bakof, sai ya kai rabi ya tsaya

Ɗan uwa ni ma na sha wannan wahalar da iPad ɗina, kwana uku ina zagin na'urar ashe WiFi ɗin ne ba shi da ƙarfi a ɗakina, sanda ɗaya tal yake nunawa. Shi bakof, wato adana kwafin abubuwan da ke cikin na'urar, turawa yake yi zuwa intanet, to ko da kana kallon YouTube lafiya lau ba lallai turawar ta yi ƙarfi ba.

Ka ɗauki tablet ɗin ka kai shi kusa da rauta (na'urar da ke ba da WiFi), ɗaki ɗaya in so samu ne, ka sa shi a caji ka kulle fuskar ka ƙyale shi ya kwana, iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet, a haka yake yin bakof da kansa. In rautarka tana da layin WiFi biyu, 2.4GHz da 5GHz, a kusa ka hau 5, in kuma akwai bango tsakani 2.4 ta fi ratsawa. Ka kashe rautar ka kunna tukuna, yara kuma su sauka daga WiFi ɗin.

Sannan ka leƙa wurin ajiyarka na iCloud, 5GB kawai Apple ke ba da kyauta, hotuna kan cinye shi. In duk ya ƙi, jona shi da kwamfuta da kebul ka yi bakof ɗin ta manhajar iTunes, ko ta Finder in sabuwar Mac ce, wannan babu ruwansa da WiFi.