Filin Tambaya: Dafin dodanni da sulken ƙarfe a Dungeons & Dragons

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne jagoran wasa a rukuninmu na Dungeons & Dragons, wasan tebur da ake ƙirƙirar labari ana jefa ɗan lido. Duk dodon da 'yan wasa suka kashe sai su ce za su feɗe shi, su ɗebi dafi da fata. Akwai ƙa'ida, ko ni zan yanke hukunci? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dafi yana da ƙa'ida a littafin jagoran wasa (Dungeon Master's Guide) na 2014. Sai dabbar ta mutu ko ta kasa tabuka komai. A jefa ɗan lido mai fuska 6 a san mintocin da aikin zai ci, sannan mai ɗiba ya jefa mai fuska 20, ya haɗa da makinsa na sanin halittu. Ana neman 20. In ya kai, ya samu na amfani sau ɗaya tak. In bai kai ba, ya tashi a tutar babu. In kuwa ya gaza da 5 ko fiye, dafin shi zai kama.

Kada ka sassauta wannan 20 ɗin. Dafin maciji zinariya 200 ne a littafin, wato kuɗin cikin wasan, na wani dodo, ƙatuwar tsutsa shunayya, kuwa 2,000. Ka bar su suna cika kwalabe, nan da nan kuɗi zai daina yi musu daraja, kai kuma ka rasa abin da za ka ja su da shi.

Fata da ƙaho littafin bai yi musu jadawali ba. Abin da ya fi kusa yana cikin littafin ƙarin ƙa'idoji Xanathar's Guide to Everything na 2017: kayan sihiri na buƙatar rubutaccen tsarin haɗi da wani sinadari mai wuyar samu. Sinadarin kayan gama-gari daga halitta mai matakin haɗari (ma'aunin ƙarfin dodo) 1 zuwa 3, na kayan da ke da wuyar gani daga 9 zuwa 12. Shawararmu, ka fara sanin me suke son ƙerawa, sannan ka ajiye musu dodon a hanya.

Tambaya: Maƙerina na cikin wasa na son ƙera cikakken sulken ƙarfe. Kwana nawa? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Sai ka ɗaura ɗamara. Sulken zinariya 1,500 ne, kayan aiki rabin kuɗin, wato 750. A ƙa'idar 2014 aikin zinariya 5 ake ci a rana, kwana 300 ke nan. Maƙera uku, kowa da gwaninta da kayan ƙira, su gama a kwana 100. Bugun 2024 ya ninka saurin, mutum ɗaya kwana 150.

Yawancin labaran wasan ba sa ba da hutu mai tsawo haka, shi ya sa sulken kan tsaya a uwar maƙera. In rukuninku na da mai haɗa magani, ku fara da ruwan warkarwa: a tsarin 2017 yini ɗaya ne da zinariya 25, alhali a kasuwa 50 ake sayar da shi.