Tambayi Matuƙi: Me Ya Sa Jirgi Ke Fasa Sauka?

Tambaya: Ranka ya daɗe Kyaftin, me ke sa jirgi ya kusa taɓa ƙasa sai kuma ya sake hawa sama? Inji ne ya samu matsala?

Amsa: Malam, galibi lafiyar injin ƙalau. Fasa sauka tsari ne da kowane matuƙi ke maimaitawa a na'urar horo.

Ƙa'idar ita ce, idan ya rage ƙafa 1,000 kafin a taɓa ƙasa a cikin gajimare, ko ƙafa 500 a sararin da ake gani sosai, dole jirgi ya daidaita: tayoyi a sauke, fiffiken sauka (ɓangaren da ke buɗewa a bayan fiffike) a buɗe, gudu daidai, kuma gangarowa kada ta wuce ƙafa 1,000 a minti ɗaya. Ɗaya ya kuskure, a fasa. Haka ma idan hazo ya hana ganin titin sauka a tsayin da aka ƙayyade, galibi ƙafa 200 daga ƙasa, ko wani jirgi bai gama fita daga titin ba, ko iska ta juya kwatsam.

Ƙarar da fasinja ke ji, ƙarfin tashi ne aka ba injin. Sai a ɗaga hancin jirgi zuwa kusan digiri 15, a rage buɗewar fiffiken sauka mataki ɗaya, da zarar ya fara hawa a ɗage tayoyi. Injin jet na iya ɗaukar daƙiƙa 8 kafin ya kai cikakken ƙarfi, shi ya sa jinkirta shawara ke da haɗari.

Abin tsoro a wurinmu shi ne matuƙin da ya nace sai ya sauka, don hakan ke sa jirgi ya zarce ƙarshen titi. Batun mai kuwa, an lissafa na zuwa wani filin, da ajiyar minti 30.