Katina na Aliero ne, ina zaune a Mile 12: sai na yi sabo kafin in zaɓi kansila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Barista. Ni mutumin Aliero ne ta jihar Kebbi, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, iyalina ma suna nan tare da ni. Katin zaɓena a gida na yi shi. Ranar zaɓen ciyamomi da kansiloli da ya wuce na je rumfar da ke bakin layinmu, aka duba aka ce babu sunana. Yanzu wani yana zagayawa a kasuwa yana karɓar katuna da ɗan kuɗi, ya ce zai sa a yi mana sabuwar rajista ta Legas, amma sai mun kawo katin LASRRA da takardar haraji, wai baƙo ba ya zaɓen ƙaramar hukuma sai da su. Maƙwabtana sun ba shi nasu. Ni dai hankalina bai kwanta ba. In bayar ko in riƙe?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Riƙe katinka. Kada ka ba shi, kada ka bari ya ɗauki hotonsa, maƙwabtan naka kuma su bi shi su karɓo nasu tun yana shigowa kasuwa.

Maganar baƙunta ba ta da tushe, don haka ba zan daɗe a kanta ba. Sashe na 7(4) na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa kowace jiha ta bar duk wanda ya cancanci zaɓen majalisar dokokin jiha ya yi zaɓen ƙaramar hukuma, har ya tsaya takara in ya cika sharuɗɗanta. Sharaɗin jefa ƙuri'a shi ne zama ɗan Najeriya da cika shekara 18 da samun suna a rajista. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce mutum na iya rajista inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda asalinsa yake. Kai kana da biyu daga cikin ukun a Ƙosofe, ƙaramar hukumar da Mile 12 take ciki. Katin LASRRA na shaidar zama a Legas ne, yana da amfaninsa, amma babu malamin zaɓen da ke da ikon tambayarka shi. Haka takardar haraji, haka takardar ɗan asalin jiha. Wanda ƙofar ta rufe a gabansa shi ne ɗan'uwanmu na Maraɗi ko Damagaram da bai zama ɗan ƙasa ba, ko da ya fi kowa Hausa, ko da yana da NIN, domin ana ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida NIN.

Abin da ya hana a ga sunanka kuwa, yana rubuce a jikin katin. Ciro shi ka duba. Za ka ga sunan jiha da ƙaramar hukuma, da wasu lambobi kashi huɗu a jere: na farko jiha, na biyu ƙaramar hukuma, na uku mazaɓa, na huɗu rumfa. Naka zai fara da 21, lambar Kebbi. Na mutumin Kano da 19 yake farawa. Na Legas kuwa 24. Sunan mutum a rumfa ɗaya tak yake a duk faɗin ƙasar nan, kuma taka tana Aliero. LASIEC, hukumar jihar da ke shirya zaɓen ciyamomi da kansiloli, ba ta yi wa kowa rajista kuma ba ta buga kati. Rajistar INEC take karɓa ta yi aiki da ita. Yaron da ya ce maka babu sunanka gaskiya ya faɗa, ba ƙabilanci ya nuna maka ba.

To, mu zo ga inda raina yake ɓaci. Wannan magana ta "a yi sabon kati na Legas" na ji ta a Agege, na ji ta a Idi-Araba, na ji ta a Alaba Rago da Obalande, daga bakin dattawa masu hankali da ba a yi musu wayo a ciniki. Mutum ya ɗauka katin zaɓe kamar layin waya ne, ka riƙe na gida ka ƙara na wurin nema. Wanda ya taɓa yin rajista sau ɗaya ya gama har abada. Komawa a sake zama gaban na'ura a ce "ban taɓa yi ba" laifi ne da dokar 2022 ta yanka wa tarar da ta kai Naira 100,000 ko ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko duka biyun.

Sai ka ji wani ya ce, "Barista, wa aka taɓa ɗaurewa?" Bar maganar ɗauri, dubi asarar. Ranar da ka yi rajista a Aliero an ɗauki yatsunka da fuskarka. Duk sabuwar rajista sai INEC ta bi da ita ta cikin manhajar da ke gwada yatsu da fuska da na waɗanda ke ciki tun da. A rajistar da aka rufe a 2022, mutane sama da miliyan 12 suka kammala, hukumar ta soke kimanin miliyan 2.78, kuma yin rajista fiye da sau ɗaya na cikin manyan dalilai. Abin takaicin, a wurin rajistar ba za a ce maka komai ba. Za a ba ka 'yar takarda ka ninke ka sa a aljihun gaba, ka tafi kana murna. Sai lokacin rabon kati ya zo, ka bar rumfarka a hannun yaro, ka hau mota ka je ofis, a ce ba a kawo naka ba. Ka koma, a ce ka dawo. Katin da kake jira ba a buga shi ba, ba kuma za a buga ba. Kafin ka gane, an rufe karɓar neman sauyi, sunanka yana nan Aliero inda ka baro shi, kai kuma kana faɗa a majalisa cewa an hana Hausawa kati. Akwai wulaƙancin da ake yi mana a garin nan na gaske, na sani, amma wannan da hannunmu muke jawo shi.

Wasu kuma suna ganin dabara ce su canja suna, Muhammadu ya koma Mamman, ko su rage shekaru. Yatsan dai shi ne. Ƙarin laifi kawai aka yi, na ba da bayanin ƙarya.

Shi kuma mai jakar katunan, ka tambaye shi da wane yatsa zai yi maka rajistar. Doka ta ce mutum ya gabatar da kansa. Ba a yi wa wani rajista a bayan idonsa, ba a karɓar wa wani kati, kuma ko sisi ba a biya. Riƙe katin wani ba bisa ƙa'ida ba, da sayensa da sayar da shi, dokar 2022 ta yanka musu tarar da ta kai Naira 500,000 ko ɗaurin da ya kai shekara biyu, ko duka biyun. In mai sauƙin ne, kuɗinku zai ci ya ɓace. In ɗan aike ne, katunan za su kwana a durowar wani ɗan siyasa da ya lissafa cewa layinku ba nasa ba ne, ranar zaɓe ku wayi gari hannu wofi. Ina roƙon sarakunan Hausawa da shugabannin sassan kasuwa su daina barin irin waɗannan suna shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci. Duk wanda ya ce INEC ce ta aiko shi, a ce masa bismilla, mu tafi ofishin tare.

Abin da ya dace da kai shi ne sauyin wurin zaɓe. Lokacin da rajista take buɗe, ka ɗauki katinka ka je ofishin INEC na ƙaramar hukumar da kake zaune, ka ce kana son a maido sunanka daga Kebbi zuwa Legas, ka faɗi adireshinka daidai don a sa ka a rumfa mafi kusa da gida. Ana iya fara cikewa a shafin hukumar na intanet in kana da yaron da ya iya. In an amince, sai a cire ka daga can a buga maka kati mai lambar 24, ka je da ƙafarka ka karɓa. Dokar 2022 ta rufe neman sauyi kwana 90 kafin zaɓe, kuma hukumar kan rufe rajista tun kafin nan. Na sha cewa jerin gwanon ofisoshin nan da "dawo gobe" ɗinsu ya isa ya kori mai haƙuri, amma wata hanyar babu.

Ka yi shawara da zuciyarka kafin ka sa hannu. In ka maido, ka bar zaɓen gwamnan Kebbi da ɗan majalisar Aliero ke nan, sai in ka sake mayarwa. Wanda ke zuwa cin rani ya koma gona da damina, ni ba na matsa masa. Amma mai mata da 'ya'ya a makaranta a nan, wanda kullum ake yanka masa rasit, shi ya fi kowa buƙatar kansila ya san yana da ƙuri'a. Kundin tsarin mulki ƙaramar hukuma ya damƙa wa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da lasisin amalanke da baro. Duba jerin nan da kyau ka ga ko akwai inda ba mutanenmu ne a ciki ba.

Wani abu da ke rikita mutane: INEC ƙananan hukumomi 20 ta sani a Legas, su ne a kundin tsarin mulki. Jihar ta ƙirƙiro wasu 37 a 2003, zamanin gwamnatin Tinubu, waɗanda ake kira LCDA, shi ya sa LASIEC ke zaɓen ciyamomi 57 da kansiloli 376. Saboda haka katinka zai ce Ƙosofe, amma ciyaman ɗin da za ka zaɓa a Mile 12 na Ikosi-Isheri ne. Haka mutumin Obalande, katinsa Eti-Osa, ciyamansa na Ikoyi-Obalande. Ba kuskure ba ne, kada wani ya ce zai gyara maka.

Ranar zaɓen kanta ba ta da wuya. Akan hana zirga-zirgar ababen hawa daga safe zuwa yamma, shi ya sa na ce ka nemi rumfar da ƙafa za ta kai ka, ta kusa da gida, ba ta kusa da kasuwa ba in suna da nisa. Ka je da wuri da katinka na ainihi, a duba sunanka, a ba ka takarda biyu, ta ciyaman da ta kansila. Alamar jam'iyya za ka gani, ba hoton ɗan takara ba, don haka ka san alamar tun daga gida. Dangwala sau ɗaya a cikin akwati ɗaya, ka bari tawadar ta sha iska kafin ka ninke, don in ta shafi gidan wata jam'iyya ana iya soke ƙuri'ar. Kana da damar tsayawa a gefe cikin natsuwa har a ƙirga a gabanka.

Zaɓen da ka rasa an yi shi ranar 12 ga Yuli, 2025, wa'adin ciyamomi da kansiloli kuma shekara huɗu ne, kamar yadda aka yi a 2017 da 2021. Kana da lokaci, kuma sauyi ɗaya ya ishe ka har da zaɓen gwamna da na shugaban ƙasa. Maƙwabcin da mutumin nan ya ƙi maido wa katinsa, ya kai ƙara caji ofis, sannan ya je INEC ya nemi a sake buga masa katin da ya ɓata. Shi ma ya faɗa musu a fili cewa ya taɓa yin rajista, kada ya yarda a zaunar da shi a layin sababbi.